Dutse Ɗaya, Duwatsu Huɗu

Uwani ta ɗora babban dutsen a faranti ɗaya na ɗan sikelinta, ta zuba ƙananan huɗun a ɗayan, sannan ta ɗaga igiyar sama. Sikelin ya yi rawa, ya sake rawa, ya tsaya. Ɓangaren ƙananan ne ya rinjaya, rinjayen da ko daga bakin ƙofa ana iya gani.

"Yaya Lawan, ka gani da idonka?"

Lawan, wan mijinta marigayi, ya miƙo wuya daga kan tabarma ya duba. "Na gani," ya ce.

Kofur Chibuike yana zaune a kan benci a ƙofar ɗakin, sandunansa biyu jingine da bango, ƙafar wandonsa ta hagu an naɗe ta an soke da fil a daidai gwiwa. Tare suka tafi Saliyo da Saje Isyaku, mijin Uwani, cikin sojojin da aka tura kwantar da yaƙi. Chibuike ya dawo da ƙafa ɗaya, Isyaku bai dawo ba. Sai da ta fita takaba, shi ma aka sallame shi daga asibiti, sannan ya zo Gyadi-Gyadi yau da hantsi da ɗan gwangwanin man zafi a aljihu. A ciki, lulluɓe da auduga, duwatsu biyar ne marasa kyan gani, kai ka ce fasasshiyar kwalba ce da ruwa ya daɗe yana wankewa. Ya ce daimon ne, lu'ulu'u, shi da Isyaku suka haɗa alawus ɗinsu daidai wa daida suka saya a hannun masu haƙa. Ya ce ta ɗauki babban, shi ya riƙe ƙananan.

Babba a ina? Bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, su kuwa ƙananan kowanne ya kusa ƙwayar masara. Uwani ba yau ta fara kallon abu mai ƙyalli ba. Dillancin zinare take yi tun kafin ta haifi Hauwa, gida-gida daga Gyadi-Gyadi har Hotoro, ɗan kunne da sarƙa da awarwaro a ƙulle cikin jaka. Ta ga sarƙar da aka cusa wa tagulla a ciki. Ta ga hajiya da carbi a hannu tana rantsuwa a kan zoben da ko sati bai yi ba ya koɗe. Abin da sana'ar ta koya mata bai da yawa: ido yana ƙarya, baki ya fi shi, sikeli ne kawai ba ya yi.

Ga shi kuma shekarar ta zo da nata salon. Soja sun koma bariki, farar hula sun karɓa, gari ya cika da masu sababbin manyan riguna da zaƙin baki. Kullum sai ka ji an damfari wani, wannan da takardar kwangila, wancan da baƙar takardar da za a wanke ta koma dala. A irin wannan lokaci, mutumin da ya tako har gidanka ya ce ɗauki mai kyau in ɗauki mara kyau, a wajen Uwani ya riga ya gama faɗin ko shi wane ne.

Kuma ba lokacin da za ta yi kuskure ba ne. Mai gidan da suke haya zai yi wa ɗansa aure, ya ce yana son ɗakunansa kafin kaka. Abin da ya kawo Lawan daga ƙauye ke nan. Ya faɗa mata ba tare da kwana-kwana ba cewa 'ya'yan ƙaninsa ba za su yi ta yawon gidan haya ba, yau nan gobe can. In akwai gida na kansu, su zauna da uwarsu. In babu, zai tafi da Hauwa da Garba, ya haɗa su da nasa. Akwai wani ɗan gida mai ɗaki biyu a bayan Unguwa Uku, mai shi ɗansa ya ci kansila za su tashi, Uwani ta je ta gani har sau biyu ba ko sisi a hannunta. Yau duk abin da ke tsakaninta da 'ya'yanta yana cikin farantan sikelin nan.

"Maman Hauwa," Chibuike ya ce. A Kano aka haife shi, Hausarsa ba gargada. "Wannan abu ba kamar gwal ba ne. Babban shi kaɗai ya fi huɗun nan kuɗi, nesa ba kusa ba. Can kowa ya san haka."

"Can ne. Nan Kano ne."

"Wallahi gaskiya nake faɗa miki."

Ta ji wallahin a bakin wanda ba ya salla, sai zarginta ya ƙaru. Ta ɗauko ƙananan ma'aunanta ta gwada. Huɗun suka tashi giram ɗaya cif. Babban ya kasa kaiwa.

"To in ya fi kuɗi, Kofur, me ya sa kake ba ni?"

"Ke ce da marayu."

"Kai ba ka da iyali? Ba ka da ƙafar robar da za ka saya?"

Chibuike ya sunkuyar da kai ya dubi ƙasa. Uwani ta ce a ranta, yauwa, an zo wurin.

Lawan ya gyara murya. "Ni dai ban san dutse ba, hatsi na sani. Amma duk kasuwar da na taɓa ci, abin da ya fi nauyi shi ya fi kuɗi."

"Alhaji, ba haka ba ne a wannan."

"Ni ba alhaji ba ne, ban je ba tukuna."

Uwani ta ajiye sikelin a cinya. Tunda an fara, gara a yi ta ta ƙare. "Kuma su biyar ɗin ma, wa ya ƙirga? Mai shaidar yana ƙarƙashin ƙasa a garin da ban san ko ta ina yake ba."

Wannan karon Chibuike ya ɗago. Idonsa ya yi ja. "Da zan ci amanar Oga Isyaku, me zai kawo ni? Wa ya san da su in ban da ni?"

Ita ma ta yi wa kanta wannan tambayar tun shigowarsa, kuma ta samo amsa. Wataƙila akwai wani sojan da ya sani, shi ne ya zo ya toshe baki da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ɗan damfara ai ba ya zuwa hannu rabbana, sai ya kawo maka wani abu.

"Ni huɗun nake so," ta ce. "Ka riƙe babbanka, tunda ka ce ya fi. Ka ga na yi maka alheri ke nan."

"Maman Hauwa, ki kai wa wanda ya sani ya duba tukuna."

"Wanda za ka nuna min?"

Chibuike ya girgiza kai. Uwani ta ci gaba.

"Ka faɗa a gaban Yaya Lawan cewa an raba, magana ta ƙare. Kada gobe a dawo min da wani zance."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce, "An raba. Magana ta ƙare." Ya mayar da babban dutsen cikin auduga, ya rufe gwangwanin, ya jawo sandunansa. Lawan ya taimaka masa ya tsallake dokin ƙofa. Ruwan da Hauwa ta kawo masa a kofi yana nan inda ta ajiye, bai taɓa ba.

Uwani ta ƙulle duwatsun huɗu a bakin zanenta, ƙulli biyu. Ta ji daɗi, daɗin wanda aka zo yi wa wayo ya gane. Ta ce wa Lawan ya jira ta, kafin magariba zai ji labari.

Da ma ta san inda za ta. Hajiya Jummai, wadda take saro musu zinare, ta taɓa ba ta labarin wani Alhaji Zakariyya, mutumin Mali, da ke zaune a Babban Giji yana sayen duwatsu masu daraja daga hannun masu haƙa na Jos da Nasarawa. Bayan azahar ta shiga tasi. An yi ruwa da asuba, tituna duk taɓo, hotunan 'yan takara da suka ci da waɗanda suka faɗi suna ta saɓulewa daga bango. Matar da ke kusa da ita ta matso don a ba wani fasinja wuri, Uwani ta dafe ƙullin da hannu har aka sauke ta.

Alhaji Zakariyya dogo ne siriri, mai magana a hankali kamar yana tauna kowace kalma. Ɗakin da yake ganin baƙi ba komai a ciki sai darduma, da ɗan teburi a gindin taga, da farar takarda a shimfiɗe a kai. Ya kashe fanka kafin ya ce ta kawo.

"Ɗaya-ɗaya zan ba ka," ta ce. "In ka gama da wannan ka dawo min da shi, sannan in ba ka wani."

Ya yi murmushi. "Hajiya 'yar kasuwa ce."

Ya kama na farko da hantsaki, ya manna ɗan gilashi a ido, ya juya dutsen a hasken taga. Uwani ba dutsen take kallo ba, yatsunsa take kallo, da bakin hannun rigarsa. Ya ɗora shi a wani ɗan sikeli mai batir, ya rufe da murfi, lambobi suka fito. Haka ya bi su duka huɗun.

"Na gaske ne," ya ce. "Kuma ruwansu mai kyau, fari, ba datti a ciki. Kowanne karat ɗaya da kwata. Duka karat biyar."

"Wane irin karat? Gwal ne?"

"Ba naku na gwal ba. Namu awon nauyi ne. Karat biyar shi ne giram ɗaya."

Giram ɗaya. Abin da sikelinta ya ba ta ke nan. Hankalinta ya ɗan kwanta, ta gyara zama ta ce ya taya.

Ya taya. Ta yi tsaki ta fara naɗe bakin zane. Ya ƙara kaɗan, ya ce daga nan ko Legas ta kai ba za a wuce ba. Ta san muryar mai saye idan ya kai ƙarshensa, kuma wannan ya kai. Ta lissafa a zuci. Kuɗin zai biya haya, zai sayi keken ɗinki, har a ci abinci mai kyau na ɗan lokaci. Amma gidan Unguwa Uku, ko rabin rabinsa bai kai ba. Ta ga Garba a bayan akori-kura, a kan buhunan Lawan, yana waiwayenta.

Ta dake. Ta ce, kamar mai neman hira, "Da a ce guda ɗaya ne fa? Irin ruwan nan, amma bai kai nauyin waɗannan ba. A ce karat huɗu."

Alhaji Zakariyya ya ajiye hantsakin. "Kina da shi?"

"Tambaya na yi."

"Guda ɗaya, karat huɗu, ruwan nan, ba tsaga?" Ya faɗi kuɗi.

Uwani ta yi dariya, dariyar da ba ta kai ciki ba. Abin da ya faɗa ya ninka tayin farko sau huɗu har da ɗoriya. Gidan ke nan, har da canjin da za a yi yaɓe a sa ƙofa.

"Haba Alhaji. Huɗu ya fi biyar? A wace makarantar?"

Bai ji haushi ba. Ya buɗe wata 'yar takarda ya zubo duwatsu biyu da aka riga aka yanka aka goge, suna ta walƙiya. "Dubi waɗannan. Wanne ya fi?"

"Wannan. Amma kaɗan."

"Ninkinsa ne a nauyi. Wancan karat ɗaya, wannan biyu. Ido ba ya gani, don nauyin ba faɗi kaɗai yake tafiya ba, har da zurfi, yana shigewa ciki. A ido ɗan kaɗan ya fi shi. A sikeli ninki biyu. A kuɗi kuwa ninki uku, wani lokaci huɗu."

"Saboda me?"

"Ke da kike sayar da gwal, in aka kawo miki 'yan kunne huɗu karyayyu, me kike yi?"

"In kai wa maƙeri ya narka ya haɗa."

"To wannan ba ya narkewa, ba ya haɗuwa. Yadda Allah ya yi shi a ƙasa, haka zai mutu, sai dai ya ragu. Mai yanka ma sai ya cinye kusan rabinsa kafin ya yi wannan ƙyallin. Naki in an yanka, kowanne zai koma ɗan mitsitsi, irinsu cike suke a duniya. Mai haƙa zai shekara yana wanke tsakuwa, ya tara ƙanana da yawa, babba ko ɗaya bai gani ba. In kin je wurin tela da ƙyalle huɗu, ko sun fi yadin kirki nauyi, zai ɗinka miki riga ne?"

Maganar tana shiga, Uwani tana tura ta waje. Sai wani tunani ya zo mata, ta kafe shi da ido.

"Ka san wani soja mai ƙafa ɗaya?"

"Sojoji suna zuwa, tunda aka fara dawo da su. Mai ƙafa ɗaya bai zo ba." Ya dube ta ta saman gilashinsa. "Shi ke da dutsen?"

Ta ɗan matso kusa. "In na kawo, yau za ka biya?"

"In kin kawo kafin rana ta faɗi. Ba na duba dutse da fitila."

A nan ne ta gane. Ta fi shekara goma tana ciniki, ta ga mai saye ya kushe kaya, ta ga ya rantse ba su da daraja, amma ba ta taɓa ganin mai saye ya yi ƙarya don ya ƙara wa kansa kuɗin da zai biya ba. Gaskiya mutumin nan yake faɗa. In kuwa gaskiya yake faɗa, to wancan ma da ya zauna a bencinta da safe gaskiya ya faɗa, ita kuma ta dubi dungulmin ƙafarsa ta yi masa gori.

Ta ƙulle duwatsunta ta fito ko sallamar kirki ba ta yi ba. Kunya ta kama ta a bakin titi, irin wadda take sa mutum ya ji kowa shi yake kallo. Ta tsaya a gindin wata darbejiya. In ta koma gida, Lawan zai tambaya, ta ce masa me? In ta je wurin Chibuike, da wane bakin? Ita ta sa shi ya ce magana ta ƙare, da shaida. Ta yi ta juya abin, amma ta san tun farko inda ƙafarta za ta kai ta. Kunya ba za ta hana a tafi da Garba ba.

Gidan Chibuike yana bayan kasuwar Tarauni, a wani lungu da ruwa ya kwanta. Sau ɗaya ta taɓa zuwa, barka, lokacin da matarsa Obiamaka ta haihu. Ta same ta a ƙofar ɗaki tana gyaran ganye a tire. Obiamaka ta amsa sallamar a daƙile, ba ta ce ga wuri ba. Labari ya riga Uwani isowa.

Chibuike yana zaune a kan kujerar roba a baranda, rediyo a kusa da shi ana ta karanta sunayen sababbin kwamishinoni. Ya kashe.

"Maman Hauwa. Lafiya?"

Ta shirya ƙarya a hanya, za ta ce Yaya Lawan ne ya sake tunani. Da ta buɗe baki sai ƙaryar ta ƙi fita.

"Na kai an duba," ta ce.

"To."

"Yadda ka faɗa, haka ne." Ta sunkuyar da kai. "Kofur, na yi maka rashin mutunci a gidana. Ka yafe min. Ban zo don ina da gaskiya ba. Huɗun nan ba za su sayi gida ba, in kuwa ba gida, Yaya Lawan zai tafi da yaran."

Obiamaka ta dangwarar da tiren. "Ba ke kika ce magana ta ƙare ba? Har da shaida! Mutum ya tashi da ƙafa ɗaya ya hau acaɓa ya je har gidanki, kika mayar da shi ɓarawo. Yanzu da kika ji kuɗi kin san hanyar Tarauni?"

"Obiamaka," Chibuike ya ce.

"A'a, bar ni! Ƙafar da za a yi maka fa? Shagon da za mu buɗe fa? Mu ba mu da yara?"

Sai ta juya harshe zuwa Ibo, da sauri, da zafi. Ya amsa mata a taƙaice. Ta sake magana, wannan karon murya ƙasa-ƙasa, tana nuna ɗaki da haɓa. Ya sake amsawa. Uwani tana tsaye kamar an dasa ta, ba ta jin ko kalma ɗaya. Me ta ce masa a ƙarshen nan? Me ya sa ta rage murya, alhali ta san ba a jin yarensu?

Chibuike ya jawo sandunansa ya shiga ɗaki. Obiamaka ta bi shi. Labule ya rufe. Aka ji an ja akwati, aka ji an buɗe wani abu an rufe, aka sake jin ƙus-ƙus. Uwani ta dubi rana, ta fara yin ja a saman rufin kasuwa. Gwangwani ɗaya ne fa. Da safe a aljihunsa yake. Me ake nema haka?

Ya fito shi kaɗai. Ya zauna, ya jingine sandunan, ya miƙo mata gwangwanin.

"Ungo. Da ma naki ne."

Ba ciniki, ba gori, ko ka-gani-ko bai ce ba. Ta kwance bakin zane ta zuba masa huɗun a tafin hannu. Bai ko ƙirga ba, ya sa a aljihun riga. Hawaye ya cika mata ido. Ta buɗe gwangwanin, ta ɗaga audugar.

Dutsen yana nan. Ta juya shi da ɗan yatsa. A inuwar barandar sai ta ga kamar ya fi na safe duhu. Ko kuwa ya fi ƙanƙanta? Na safe kamar yana da ɗan lanƙwasa a gefe ɗaya, wannan ba ta gan shi ba. Ko ta gani ne ta manta? Ta bar sikelinta a gida. Kwalba ma in aka fasa aka goge, haka take. Mutumin da aka zaga da safe, matarsa tana kuka da shi, ya ɗauki kuɗin gida sukutum ya miƙa ba ko gardama? Ta ce wa zuciyarta ta yi shiru. Ta ce mata ki ji tsoron Allah, yanzun nan kika gama neman gafara. Amma bakinta ya riga ta.

"Shi ne kuwa na ɗazu?"

Maganar ta fita a hankali, kusan raɗa, amma kowa ya ji. Obiamaka, da ta ɗago labule za ta fito, ta tsaya cak. Ba ta yi faɗa ba wannan karon. Ta dubi mijinta kawai, ta saki labulen ta koma ciki.

Fuskar Chibuike ba fushi, gajiya ce kawai, irin ta wanda ya yi doguwar tafiya ya tarar an rufe ƙofa. Ya miƙa hannu ya ɗauki sandunansa, ya dafa, ya miƙe.

"Ina mai sikelin yake?"

"Kofur, ba haka nake nufi ba."

"Ina yake?"

"Babban Giji."

"Mu je. A auna a gabanki, ina tsaye. In ba shi ba ne, ofishin 'yan sanda ba nisa."

Ya wuce ta ya fita. Lungun duk taɓo ne, acaɓa ba ya shigowa sai an kai bakin titi. Yana dasa sandunan suna nutsewa, yana zaro su, yana jefa ƙafarsa ɗaya gaba. A wani wuri sandar dama ta zame, ya dafa bango da kafaɗa, ya tsaya ya yi numfashi, ya ci gaba. Bai waiwayo ba.

Uwani tana biye da shi, gwangwanin a damƙe a hannu. Ta san abin da ya kamata ta yi. Ta sha gabansa ta ce ya koma gida, ta yarda, Allah ya saka masa da alheri. Kalmomin suna bakinta, ba su da wuya, kuma har suka kai bakin titi tana da damar faɗa. Ba ta faɗa ba. Tana so a auna ɗin.